Paloma da Diego sun biyo ni har Doha

A aikin dare na makon jiya, wajen ƙarfe uku, marasa lafiya sun samu barci, na shiga ɗakin hutu na tarar da abokiyar aikina 'yar Filifin tana ta dariya ita kaɗai har da hawaye. Marimar take kallo a waya, fim ɗin Meziko na 1994 da Thalía ta fito a ciki, mai karen nan da ake jin tunaninsa. Ta ce da aka fara nuna shi a ƙasarsu a 1996, kakarta ko tukunya ba ta ɗorawa sai an tashi. Na ce mata ai mu ma muna da namu.

Namu shi ne Paloma da Diego. Sunansa na asali Cuando Seas Mía, TV Azteca ta yi shi a 2001, amma a gidanmu a Kano ba wanda ya taɓa kiransa haka. Yarinya mai tsinkar kofi da jikan mai gona suka kamu da son juna, dangi suka ce ba su san zancen ba, daga nan sai makirci da kuka. Umma ba ta jin Turancin da aka juya shi, amma ta fi kowa gane labarin. Da ta ga wata ta harari wata sai ta ce, "Wannan da gani muguwar faccala ce." Baba kuwa cewa yake shirme ne, amma yana tsaye bakin ƙofa da buta a hannu har a gama. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar tonon asiri, salatin da muka saka har maƙwabta sun ji.

Abin da ya sa na kawo wannan hira shi ne yadda kiran waya tsakaninmu da gida ya koma. Ku duba naku. Sallama, ya jiki, kuɗin sun shigo? Sai kuɗin makaranta, sai magani, sai ɗinkin sallah. Minti biyar an gama. Ba laifin kowa ba ne, don neman nan ne ya fito da mu, kuma da yawanmu albashi bai kai a ba mu izinin kawo iyali ba. Amma 'yata mai shekara tara da na bari wajen Umma ta kai ba ta da amsar da ta wuce "lafiya lau, Mami." Wannan ya fi gajiyar aiki ci mini rai.

Sai na gwada wani abu. Doha na gaban Kano da awa biyu, don haka ƙarfe goma na daren Juma'a a nan ya yi daidai da takwas a can, an idar da isha'i. Na saka musu data, ƙanina ya kunna kashi ɗaya da nawa, muka jingine wayoyi muna ganin juna. Rabin lokacin hoto na tsinkewa, su sun riga ni ganin mari, ni na riga su ganin suma. Dariyar da muka yi ranar rabona da irinta tun ina gida.

Na san masu cewa finafinan nan suna ɓata tarbiyya, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Akwai shigar banza, akwai abin da ba namu ba. Shi ya sa nake riga su kallo, in ce a tsallake wuri kaza. A da ma Umma aiken yara take yi ɗebo ruwa idan abin ya zo. Ni dai yaron da ya ƙule a ɗaki shi kaɗai da TikTok ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ke falo kakarsa na fassara masa. Wanda Meziko ba ta kwanta masa ba, ga Daɗin Kowa na Arewa24, ga Labarina.

A Juma'a ta uku, ana tsaka da zagin muguwar fim ɗin, 'yata ta ce, "Mami, irin haka wata take mini a aji." Wata biyu ke nan ana ƙwace mata abincin tara, ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar Litinin ƙanina ya je makarantar.

Juma'a mai zuwa ina da aikin dare. Umma ta ce in nemi mai musanya da ni, ita ba za ta jira Asabar ba.