Yaron da ya gyara tsohuwar gitar ba ɗan iska ba ne

Tun ranar da na yi hira da wani yaro na Gazawa a shirinmu, saƙonni ba su tsaya ba. Wani daga Agye ya ce na ba ɗan iska fili a rediyo. Wata hajiya daga Gidan Rumji ta ce da ɗanta ne da ta sa gitar ɗin a murhu. To, ku saurare ni, ban yi nadama ba.

Mi yaron nan ya yi? Ya tara kuɗin aikin gona, ya sayi tsohuwar gitar mai aiki da lantarki wurin masu kayan gwanjo a Maraɗi. Duk ta yi tsatsa, alamar ta daɗe a bakin teku inda iska ke da laima. Tsirkiyoyi sun tsinke, maɓallan ɗaure su sun ƙi juyawa, fenti ya ɓare.

Bai kai ta wurin kowa ba. Ya kwance ta ƙusa bayan ƙusa, ya goge tsatsar, ya sa wa maɓallan man keken ɗinki na innarshi. Wuyan gitar ya lanƙwashe. Cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa kaɗan kaɗan, a bar itacen ya huta, a sake. Wanda ya yi gaggawa sai ya karya ta. Hunturu kuma ya busar da itacen har ƙananan ƙarafunan da ke kan wuyan suka fito gefe suna yankar yatsa, ya zauna ya goge bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ɗaukar sautin, wanda muke kira mikro, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Ya kai wurin mai gyaran rediyo, suka auna, suka gano ba ta tsinke ba, waya ɗaya ce kawai ta saki a bakin ramin da ake soka igiya. Ɗigon dalma ɗaya, gitar ta yi magana.

Yanzu don Allah, da babur ne ya farfaɗo da shi haka, mi za ku ce? Za ku ce yaro mai hikima, Allah ya yi albarka. Hannu ɗaya ne, haƙuri ɗaya ne. Don abin yana da tsirkiya shida sai ya zama iskanci?

Kuma mu daina munafunci. Wane biki ake yi tsakanin Gidan Rumji da Gazawa ba a kafa sono ba? Ana biyan mai kwamfuta ya danna waƙoƙin Kano har tsakar dare, tsofaffi na gyaɗa kai. Kiɗan dai muna so, makaɗin ne ba mu son ya fito daga gidanmu.

Na san masu cewa kiɗa na jan yaro zuwa shaye-shaye, kuma ba zan ce ba a taɓa gani ba. Amma yaran da nake gani suna layi da tsakar rana a bakin tasha, ban ga gitar a hannun ko ɗaya ba.

Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, danginshi ba su so ya yi kiɗa ba. Gitar ɗinshi ta farko da kanshi ya haɗa ta, da wayar keke a madadin tsirkiya. A Sakkwato ya naɗi kundinshi na farko a 2008, yau yana cika dandali a Amurka da Turai. Idan aka ambace shi, mu ne kan gaba wurin cewa ɗan Nijar ne.

Yaron Gazawa har yanzu ba shi da ampili, da tsohuwar rediyo mai kaset yake jonawa. Tsirkiya ɗaya ma ta sake tsinkewa, kuma kaf garinsu babu mai sayarwa. Ranar Asabar zan shiga Maraɗi, ni zan sayo mishi, kuma zai dawo shirin ya kaɗa kowa ya ji. Hajiya, ki bar rediyonki a kunne.