Direkta ya hana karatu, yana kukan rashin gwanaye

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako. Amma a bankuna da kamfanonin Yamai, Maraɗi da Damagaram, ƙaramin ma'aikaci kan kai bayan isha'i a buro, ba ƙarin ko dala. In yana shirin kwankur na shiga CESAG, makarantar koyon tafiyar da kamfani da aka kafa a Dakar a 1985, sai tsakar dare yake buɗe littafin lissafi, ga gajiya, ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Ya roƙi hutun mako biyu, direkta ya ce aiki ya yi yawa. Ranar jarrabawa, ɗan mai hali da ya share watanni yana bita shi ke tsallakewa.

Gobe kuma direktan nan ne zai ce ƙasa ba ta da gwanaye, ya ɗauko baƙo da albashi mai tsoka. Gaskiyar magana, tsoro yake kada yaronsa ya komo da digirin da ya fi nasa.

Wajibi ne ƙungiyoyin ƙwadago su sa hutun jarrabawa mai albashi cikin buƙatunsu, sufetocin aiki kuma su riƙa leƙa buro bayan magariba. Wanda ya hana shuka ba shi da bakin kukan yunwa.