Wa Ya Ɗinka Wa Zubaina Kaya?

Kuna iya jero finafinan Ali Nuhu ba tare da duba waya ba. To, ku faɗa mana sunan telan da ya ɗinka kayan da Fati Mohammed ta sa a Sangaya. Shiru, ko?

Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa suke koya wa 'yan mata ɗinki da ɗaurin ɗankwali. A zamanin kaset, budurwa kan maimaita waƙar fim sau uku don ta ƙare wa rigar jaruma kallo, sannan ta je ta kwatanta wa tela da baki. Yau hoto kawai za ta tura masa ta WhatsApp, ana jibi Sallah, kuma in bai fito daidai ba, sai a yi masa tonon silili a TikTok.

Ba adalci ba ne. Telan Jega ko Aliero ko Maiyama yana kwaikwayon ɗinkin Kano daga hoto ɗaya, galibi ba wuta, kuma da atamfar da ba ta kai ta jarumar ba.

In ɗinki ya yi kyau kun ɗora hoto, ku rubuta sunan telanku a ƙasa.