Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Bayan haka, ya kamata malamai da 'yan kasuwa su san halin na'urar nan mai karanta zanen yatsa, domin ta riga ta shiga tsakanin mutum da dukiyarsa, da kuma tsakaninsa da ƙuri'arsa. Dangwala yatsa tsohon abu ne: tun 1858 wani Bature mai suna William Herschel ya sa a dangwala tafin hannu a takardar yarjejeniya a ƙasar Indiya. A Nijeriya kuwa, Babban Banki ya kawo lambar BVN a 2014, hukumar zaɓe ta kawo na'urar tantance kati a 2015, sa'an nan BVAS a 2021.

Ga yadda take aiki. Takan ɗauki surar yatsa, ta nemi wuraren da zane ya yanke da wuraren da ya rabu biyu, ta mai da su lissafi ɗan kaɗan wanda bai kai rubutun shafi guda ba. Idan mutum ya sake ɗora yatsa, sai ta gwada sabon lissafi da na ajiye.

To, inda gizo ke saƙa shi ne wajen manhajar da aka zuba mata. Wani maƙeri yakan tara aron aikin mutane da yawa, kowane aro kuma yana rataye da wani aron. Ƙwaƙwalwar ƙaramar na'ura ba ta ɗaukar wannan kaya; sai ta yi nawa, ta cinye batir, kuma ranar da ɗaya daga masu aron ya sāke nasa, sai aiki ya tsaya. Misalinta kamar almajirin da ba ya iya biya karatu sai ya ari allon maƙwabci. Wani maƙerin kuwa yakan taƙaita, ya bar abin da ya wajaba kaɗai, na'ura ta gwada yatsa a cikin kanta, ko da intanet ko babu. Wannan ita ce ta dace da ƙauye da rumfar kasuwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma fa ko mai kyan ma tana kuskure. Ran 28 ga Maris 2015, a Otuoke, na'ura ta kasa gane yatsan Shugaba Jonathan kansa. Ina ga manomi, da marini, da majemi, da tsoho, waɗanda aiki da hunturu suka cinye zanen hannunsu?

Saboda haka, duk mai sayen irin wannan ya yi tambaya uku. Tana aiki ba tare da intanet ba? A ina take ajiye lissafin yatsun mutane? Wace hanya aka tanada wa wanda ta ƙi ganewa? Mabuɗi in ya ɓace akan ƙera wani, amma yatsa in an sace lissafinsa ba shi da madadi. Amanar jama'a ce, a riƙe ta da kyau.