Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Shawara Ga Mai Haɗa Jirginsa Na Farko

Duk wanda ya ji an ce wani saurayi a unguwar Koki yana shirin haɗa jirgin ruwa mai tafiya da iska a tsakar gidansu, ba mamaki ya yi dariya, ya ce me ya haɗa Bakano da jirgi, alhali ruwan da ya sani bai wuce na kududdufi ba. To, amma maganar ta wuce ta dariya. Koki unguwar fatake ce, a cikinta Alhassan Dantata ya kafa gidansa, kuma ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro ba ya isa sai ya ƙetare Kwara cikin kwalekwale. Bugu da ƙari, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kano ta sami ruwa mai faɗin da ƙaramin jirgi zai sakata ya wala a kansa. Abin tambaya shi ne, wane fasali ya kamata sabon hannu ya zaɓa? Amsar ita ce ya ɗauki ƙarami, wanda wasu suka riga suka gwada, kuma kada ya sāke masa kome.

Dalili na farko shi ne gidan kansa. Jirgin da aka haɗa a tsakar gida tilas ya bi ta shigifa da zaure, waɗanda ƙofofinsu ba sa fuskantar juna, sannan ya ratsa lungu har bakin titi kafin a ɗora shi bisa mota. Wanda ya haɗa mai ƙafa 20 zai wayi gari da zaɓi biyu, ko ya rushe katanga ko ya mai da jirgin akurkin kaji. Saboda haka a auna ƙofa da kwanar lungu tun kafin a je kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa.

Dalili na biyu shi ne kayan aiki. Falankin filawud yakan zo da tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, kuma akwai fasalolin da aka tsara bisa wannan awo. A 1947 wani Ba'amurke, Clark Mills, ya zana wa yaran Florida ɗan jirgin da ake kira Optimist, wanda tsawonsa bai cika ƙafa 8 ba. A 1962 kuma Jack Holt da Barry Bucknell suka fitar da Mirror a Ingila, mai kusan ƙafa 11, wanda ke ɗaukar mutum biyu. Ɗinke falankansa ake yi da wayar tagulla, sa'an nan a toshe gaɓoɓin da gam mai ƙarfi, kuma an haɗa fiye da 70,000, da yawa daga cikinsu a gidajen mutanen da ba kafintoci ba ne. Sai dai a lura, filawud ɗin da ake yin kabad da shi ba ya jure ruwa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a yanki ɗan guntu a tafasa a tukunya, in ya ɗaɗɗaye, to a bar wa masu kujera kayansu.

Dalili na uku ya fi nauyi, wato haɗarin yi wa fasali kwaskwarima. A 1969 Thor Heyerdahl, mutumin Norway, ya ɗauko magina daga Tafkin Chadi suka haɗa masa jirgin ciyayi mai suna Ra a Masar, bisa kamannin jiragen Misirawan dā. Aka bar wata igiya guda da ke riƙe da wutsiyar jirgin, don ba a gane amfaninta ba. A tsakiyar tekun Atalantika wutsiyar ta sunkuya, ruwa ya hau, dole aka bar jirgin kafin a kai gaci. A 1970 aka sake haɗa Ra II, wanda bai kai na farko tsawo ba, ya tashi daga Safi ta Maroko ya isa Barbados cikin kwana 57. In igiya ɗaya ta kayar da gwanaye, ina ga ɗan koyo da zai ƙara wa sandar ƙyalle tsawo don jirginsa ya yi gudu?

Wani zai ce, me ya kai Bahaushe aron fasalin Turawa, ga masassaƙan Yawuri, ga kuma kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da ke Jihar Yobe a yanzu, wanda ya shekara wajen 8,000? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin gado ne abin alfahari. Amma kwalekwale dogo ne siriri, an yi shi ne don tuƙi da hannu. In aka kafa masa ƙyalle mai tsawo, iskar da ta bugo daga gefe sai ta kifar da shi, kuma ba shi da allon nan da ake zurawa cikin ruwa ta ƙasan jirgi don hana shi zamewa gefe. Abin da za a nema wurin masunta da sarakunan ruwa shi ne sanin ruwan kansa: inda kututture ya ɓuya, da yadda hadarin farkon damina ke tasowa ba sallama.

Ruwa dai ba ya karɓar uzuri. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai saboda lodi ya yi masa yawa, aka rasa aƙalla rai 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Kowane fasali yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma nagari yana da rufaffun akwatunan iska waɗanda ke hana shi nutsewa ko da ya kife. Kada a cire su don neman wurin zama, kada kuma a hau ba tare da rigar kariya ba.

Masu iya magana sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Saurayin Koki ya fara da ƙaramin jirgi, ya bi awo kamar yadda aka rubuta, ya gwada shi a bakin gaɓa inda ƙafa ke taɓa ƙasa. In Allah ya sa ya dawo gida lafiya, sai ya yi tunanin babba.