Wa Zai Jajanta wa Mai Jaje?

Jama'ar zango, kusan kowace damina rafin Aboabo kan tumbatsa ya shiga ɗakunan mutane. Da ruwa ya janye sai a fara lissafi: katifa nawa ta jiƙe, katanga nawa ta rushe. Hukumar NADMO ta kawo abin da ya sawwaƙa, a ɗauki hotuna, a watse. Ba a lissafa uwar da ta daina barci idan hadari ya haɗo, ko yaron da tsawa ke sa shi fitsarin kwance. In sun yi ƙorafi, a ce su yi haƙuri. In sun maimaita, a ce imaninsu ya yi rauni.

Wannan magana zalunci ce, ba ta da tushe a addini. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin ciki ya farantar da idanunsa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya ɗauki tsoro da baƙin ciki a matsayin cututtukan da ake nema wa magani. Wanene a cikinmu ya fi waɗannan sanin haƙuri?

Waɗanda aka fi mantawa su ne masu ɗaukar nauyin kukan jama'a: liman, mai wankan gawa, ungozoma, ma'aikaciyar jinya, samarin da ke tsamo mutane daga magudana. Galibinsu a unguwar suke kwana, ruwan da ya ci gidan maƙwabci ya ci nasu. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah da ke Ankara sun kashe fiye da mutum 150. Hannayen mutane ne suka kwashe gawawwakin nan. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa mai yawan ganin musiba da sauraron labarinta yakan kamu da irin ciwon wanda ta faɗa wa: rashin barci, firgita, saurin fushi, har zuciya ta bushe ya kasa tausayi. Mu kuwa sai mu ce Malam ya canza hali.

Ghana ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, amma manyan asibitocin gwamnati uku na wannan fanni, na Ankara da Pantang da Ankaful, duk suna kudu, gefen teku. A Kumasi muna dogara da sashen da ke asibitin Komfo Anokye, mutanenmu kuma na gudunsa don kada a kira su mahaukata.

Saboda haka nauyin yana wuyanmu. Sarakunan zango da limamai su gayyato ma'aikatan wannan sashe zuwa masallatai bayan kowace ambaliya. A yi huɗuba a kan halaccin neman magani. A tsara karɓa-karɓa tsakanin masu wanka da masu ceto, kada mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar kowace gawa. A kuma ware dattijon da zai je gidan liman ya tambaye shi yadda ya kwana, ya zauna ya saurari amsa.

Allah Ya kiyaye mu daga musiba, Ya sanyaya zukatan masu yi mana hidima.