Manhaja Biyu a Kwamfuta Ɗaya: Mafita ga Sassan Nazarin Hausa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin da yake bai wa Windows 10, wato ya daina aika mata gyare-gyaren tsaro na kyauta kamar yadda aka saba. Magajiyarta, Windows 11, ba ta hawa kwamfutar da ba ta da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗanta ba. Irin waɗannan kwamfutoci ne ke ɗauke da kundayen digiri, da muryoyin da aka naɗo a fagen bincike, da ƙamusoshin da aka yi shekaru ana tattarawa. Manazarcin da ba shi da halin sayen sabuwa yana da hanya mai sauƙi da ta cancanci sassan Hausa su runguma: a bar Windows a inda take, a ɗora Linux a gefenta.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma a wannan tsari ɗaya bayan ɗaya ake taunawa. Ana raba rumbun ajiyar kwamfutar gida biyu, kowace babbar manhaja ta sami nata ɓangaren. Idan an kunna na'urar, wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB takan fito da jerin zaɓi, mutum ya shiga wadda yake so, ɗayar kuma ta kwanta har sai an sake kunnawa. Saboda haka wadda ke aiki tana cin moriyar ƙarfin kwamfutar gaba ɗaya. A nan ne tsarin ya fi dabarar gudanar da wata manhaja a cikin wata, domin waccan tana raba ƙwaƙwalwar na'urar ne, tsohuwar kwamfuta kuwa ba ta da rarar da za a raba.

Dalilin ɗora Linux a fili yake. Kyauta ce, kuma nau'in Ubuntu 24.04 da ya fito a Afrilun 2024 zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har zuwa 2029. Kayan aikin masu nazarin harshe suna tafiya a kanta: Praat ta nazarin sauti, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, da ELAN ta fayyace maganar da aka naɗa, da Keyman ta tsara allon rubutu. Linux tana kuma zuwa da tsarin allon rubutun Hausa, inda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke fitowa bisa ƙa'idar Unicode, su isa kowace kwamfuta ba tare da sun rikiɗe ba.

Dalilin barin Windows kuma ya shafi gadon da ke hannu. Tun shekarun 1990 aka riƙa buga Hausa da salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu, waɗanda suka yi wa harshen hidima a lokacin da babu wata hanya. Irin waɗannan haruffa kan ari gurbin alamomi ne, shi ya sa takardar da ta je kwamfutar da ba ta da su takan nuna }asa a maimakon ƙasa, ko ]an a maimakon ɗan. Tsofaffin takardun Word sukan kuma sauya tsarin shafi idan an buɗe su a LibreOffice, abin da zai iya jefa ɗalibi cikin matsala da ƙa'idojin tsara kundi. Kafin a mayar da wannan gado zuwa Unicode, akwai buƙatar muhallin da aka rubuta shi a ciki.

Masu suka za su ce Windows da ba ta samun gyara tana nan da rauninta ko da Linux na gefenta. Gaskiya ne. Amsar ita ce a raba musu aiki: a yanke wa Windows intanet, ta zama ɗakin tsofaffin takardu, Linux ta ɗauki wasiƙu da bincike da aika maƙalu. Akwai kuma haɗarin raba rumbun, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, bayanai na iya salwanta. Don haka wajibi ne a kwafi komai zuwa rumbun waje tukuna, a tabbatar da cajin batir, a adana mabuɗin BitLocker idan an kulle rumbun da shi, a kashe tsarin saurin kunnawa na Windows, sannan a ware wa Ubuntu aƙalla gigabait 25. Akwai wata 'yar matsala da kan ruɗa sabon shiga: Linux tana ɗaukar agogon na'ura a matsayin lokacin UTC, Windows kuma lokacin gida, sai a ga bambancin awa ɗaya a Nijeriya da Nijar. Umarni guda ne yake gyara wannan.

Bai kamata a bar kowane ɗalibi ya yi ta lalube shi kaɗai ba. Sashe zai iya ware yini guda a farkon zango, tare da ma'aikatan cibiyar kwamfuta ta jami'a, a yi wa masu buƙata wannan aiki bayan sun kwafi bayanansu. A haɗa shi da sharaɗin cewa duk sabon kundi da haruffan Unicode za a miƙa shi, a kuma fara juya tsofaffin daga waɗanda suka fi fuskantar ɓacewa. Ranar da aka kammala juyin, sai a share ɓangaren Windows, a bar wa Linux rumbun gaba ɗaya.